Kafin ka sayi abin gwada ruwan rijiya ko bohol

Da yawanmu da mun haƙa bohol muka ga ruwa ya fito garau, ba wari ba ɗanɗano, shikenan sai a hau sha, alhali sinadarai masu cutarwa irin su arsenik da dalma da nitrat babu wanda ido ke gani ko hanci ya ji. Haka ta faru a Bangladesh, an haƙa miliyoyin rijiyoyin burtsatse, sai a shekarun 1990 aka gane akwai arsenik a ciki, lokacin jama'a sun daɗe suna sha.

A cikin na'urorin gwajin ruwa, wadda ta fi yawa a hannun mutane ita ce ƴar mitar nan ta TDS mai kama da biro, ka tsoma ta ba ka lamba. Arha gare ta kuma tana da amfaninta, amma fa yawan gishirin da ya narke a ruwa kawai take aunawa, ƙasa da miligiram 600 a lita ruwan na da daɗin sha, in ya haura 1000 ka fara jin zartsi. To iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa arsenik da dalma miligiram 0.01 ne a lita, ko ya ninka haka sau goma mitar nan ba za ta nuna maka komai ba. Wallahi raina na ɓaci in na ga ana nuna wa mutane lambarta ana cewa ruwa ya yi lafiya.

Sai ƴan takardun gwaji masu canza kala, ka tsoma ka kwatanta da jadawalin jikin kwalbar. Sun dace da gwajin pH (tsamin ruwa) da sinadarin ƙarfe (iron) da nitrat, kuma na nitrat ɗin kam ya kamata a ce duk mai rijiya kusa da masai ko gonar da ake zuba taki yana da shi, don in ya wuce miligiram 50 a lita haɗari ne ga jarirai ƴan ƙasa da wata 6, kuma tafasa ruwan ba ya cire shi, ƙara shi ma yake. Ka duba ranar lalacewarsu kafin ka biya, ka dinga rufe kwalbar don danshi na kashe su, ka karanta a hasken rana daidai lokacin da aka rubuta.

Fotomita, na'urar da ke karanta kalar ruwan da haske bayan an sa masa sinadari, ta fi su daidaito, sai dai da tsada kuma kullum kana sayen sinadaranta, ta masu kula da rijiyoyi da yawa ce.

Ni dai a ganina in rijiya sabuwa ce ka fara kai ruwan lab, wanda ke da shaidar ingancin gwaji ta ISO 17025, ka ce musu a fili su duba arsenik, dalma, manganis, nitrat da fulorayid, shi fulorayid in ya wuce miligiram 1.5 a lita yana ɓata haƙoran yara. Ka karɓi kwalba a wajensu, ka bar famfo ya zuba na ƴan mintuna kafin ka ɗiba, ka sa a cikin kula mai ƙanƙara ka kai a ranar. Bayan nan takardun sun isa ka dinga bibiya, musamman bayan damina.