Ciyawar tsakar gida a Kano: shuka iri ko dasa jijiya?

Iri ya fi araha idan filin babba ne, amma lallaɓa yake so. Ana watsa shi a ƙasar da aka baje, a rufe da yashi bai wuce rabin santimita ba, sannan a riƙa yayyafa ruwa sau biyu ko uku a rana har mako biyu. Tsiron da ya bushe sau ɗaya ya mutu ke nan. Tururuwa na kwashe irin, ruwan Agusta kuwa kan tattara shi gefe guda, fili ya fito da sanƙo.

Dashen jijiyar kiri-kiri, wato ciyawar nan mai yaɗo a ƙasa, ya fi jure wahala. A binne jijiyar da tazarar santimita 15 zuwa 20, ganyen na leƙe, a danna ƙasa da ƙafa. Ban ruwa safe da yamma ya wadatar, bayan mako biyu a rage yawansa a ƙara zurfinsa. Takin ya zama ruɓaɓɓe, domin ɗanyen kashin shanu gara yake jawowa.

Ga mai sayen ruwa wajen 'yan garuwa, dashe a watan Yuli ya fi, kafin hunturu ciyawar ta rufe ƙasa.