Lissafin awannin aiki: kalkuleta, Excel ko na'urar dangwala yatsa?

Kafin ka biya kuɗin abin ƙirga awannin ma'aikata, jarraba shi da tambayoyi biyu. Yaro ya shigo 8:15 na safe ya tashi 4:45 na yamma, awa nawa ya yi? Mai gadi ya kama aiki ƙarfe 10 na dare ya sauka 6 na safe fa? Amsar farko awa takwas da rabi, ta biyu awa takwas. Duk abin da ya ba ka wata amsa daban, bar shi a shagon.

Inda ake tuntuɓe shi ne awa minti 60 ce, ba 100 ba. Awa 8 da minti 30 daidai take da 8.5, ba 8.30 ba. Idan awa naira 500 ce, haƙƙin yaron 4,250 ne, amma wanda ya danna 8.30 zai miƙa masa 4,150. Kullum ɗari na zubewa, kuma ba wanda ya yi niyyar cuta. Raba minti da 60 kawai: 15 ya zama 0.25, 45 ya zama 0.75.

Mai shago a Kwari da yara uku ko huɗu, littafin rajista da kalkuleta sun ishe shi. Sai dai ba ta ƙirga kuɗi mai manyan maɓallai ba. Nemi Casio irin ta 'yan sakandare, kamar fx-991, mai maɓalli ɗauke da alamar ° ′ ″. Shi ke karɓar awa da minti yadda suke, ya juya maka su. Jabu sun yi yawa a kasuwa, don haka danna ka gani a gaban mai kaya.

Da ma'aikata sun haura goma, ni Excel ko Google Sheets zan zaɓa, a waya ma suna aiki. Su a wajensu lokaci ɓangaren kwana ɗaya mai awa 24 ne, shi ya sa sai ka ninka da 24 kafin awanni su fito. Rubuta =MOD(B2-A2,1)*24, lokacin shiga a gurbin A2, na fita a B2, ka gama da matsalar aikin dare. Jimillar mako kuwa, idan a siffar agogo kake son ta, kada ka ninka da 24, sa wa gurbinta tsarin [h]:mm, in ba haka ba awa 40 za ta fito a 16:00. Ware gurbin hutun sallar Juma'a da na cin abinci tun farko, a yi yarjejeniya ko ana cirewa.

Lauya ko mai zanen gini da ke cajin mutane bisa awa, manhajojin ƙirga lokaci irin Clockify ko Toggl Track sun fi masa, duk suna da tsarin kyauta. Aibinsu mantuwa: ka kunna, ka tafi gida, agogo na ta gudu.

Na'urar dangwala yatsa, irin ta ZKTeco, ta masana'antun Sharaɗa da Bompai ce, da makarantu, inda wani ke iya sa wa abokinsa hannu. Tambayi mai sayarwa ko tana da batirin da zai riƙe ta idan an ɗauke wuta, kuma ko ana kwashe bayananta a filashi a buɗe a Excel. Yatsun masu siminti da masu jima kan goge, na'ura ta ƙi gane su, musamman da hunturu idan fata ta bushe. Irin wannan wurin, ɗauki mai karɓar kati ko fuska, kuma ka kai ɗaya daga cikin ma'aikatanka shagon mai sayarwa ya jarraba ta kafin a yanke ciniki.