Tsamiya, Maɗaci ko Gawo: Wanne Ya Dace da Harabar Gida?

Duk mai shirin ƙawata harabar gida ko filin shaƙatawa a yankin da damina take gajera kuma rani yake da tsawo, zai fi samun kwanciyar hankali idan ya zaɓi itatuwan da asalinsu na yankin ne, domin sun saba da fari, kuma da zarar sun kama ba sa neman ban-ruwa. Ni dai tun da saiwar itacen turare, wanda asalinsa daga Ostireliya yake, ta tsaga mini katanga, saiwa nake fara dubawa kafin kyan ganye.

A wannan ma'auni ban ga kamar tsamiya ba. Saiwarta tana nutsawa ƙasa sosai, rassanta suna da ƙarfin da iska ba ta cika karya su ba, ga inuwa mai kauri kusan duk shekara. Ƙananan ganyayenta suna naɗewa da dare, furenta kuwa rawaya ne mai jan zane. Gaskiya ne tana da jinkirin girma, kuma ciyawa ba ta yin kyau a ƙarƙashinta, amma bishiya ce da take haura shekara 100, saboda haka a ba ta tazarar kamar mita 10 daga gini.

Maɗaci yana iya kai mita 30, ya fi dacewa da bakin titi. Gawo yana zubar da ganye da damina, ga ƙaya, wurinsa gona.

Inda aka fi cutar mai saye shi ne wajen masu sayar da dashe. Wasu sukan bar tsiro ya daɗe a leda har saiwarsa ta nannaɗe, wasu kuma idan ta huda ledar ta shiga ƙasa sai su datse uwar saiwar, su sake masa leda da sabuwar ƙasa, su yayyafa ruwa ya yi shar. Irin wannan yakan yi yaushi bayan 'yan kwanaki, ko ya girma ba shi da gindin zama. Har akwai masu soka reshe a leda su ce tsiro ne. A ɗaga ledar a duba ƙasanta, a ja tsiron a hankali a ji ko ya riƙe ƙasa, kuma a nemi a yage leda ɗaya a gaban mai saye. Ƙaramin tsiro mai miƙaƙƙiyar saiwa ya fi dogon da ya tsufa a leda, kuma mai sayarwar da ya ƙi a buɗe masa leda, a bar masa kayansa.