Wasiƙar neman aiki: babban ofishin lauyoyi ko ƙaramin chamba?

Ɗalibin shari'a da ke neman gurbin horo a lokacin hutu, ko kafin ya wuce zuwa Makarantar Horas da Lauyoyi ta Bagauda, bai kamata ya aika wasiƙa iri ɗaya ko'ina ba.

Manyan ofisoshi na Legas da Abuja harkar kamfanoni, bankuna da man fetur suka fi yi. Wasiƙu na zuwa musu jibgi ta imel, mai tacewa kuma ba shi da lokacin dogon gaishe-gaishe. Shafi ɗaya ya wadatar. Ka faɗi ajin da kake, makinka idan mai kyau ne, sannan ka nuna ka san aikinsu. Idan ka yi rubutu a kan Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda ta bai wa mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai, ambace shi da abin da ka gano. Kuskuren haruffa a sunan ofishin kuwa, shi ke nan, an ajiye takardarka gefe.

Ƙaramin chamba a Kano ko Zariya lamarinsa daban ne. Sau da yawa mai ofishin da kansa zai karanta, kuma shari'ar filaye da rabon gado ce ke cika masa tebur. Abin da zai burge shi shi ne ka iya zama da mai ƙara ku fahimci juna da Hausa, ka san lissafin gado, kuma ba ka ƙyashin wuni a kotu kana rubuta abin da alƙali ya ce. A ganina, a nan gara ka kai takardar da hannunka, ka gaishe shi da "ranka ya daɗe".