Epson Perfection V600: sikana don ceto tsofaffin fina-finan hoto

Malamin makaranta a ƙaramin gari, wanda ya yi soja kuma ya shekara talatin yana ɗaukar hoton 'yan aji, biki da fareti, in ya rasu yakan bar akwatunan nagatif, wato fim ɗin da ake wanko hoto daga jikinsa, da babu mai iya dubawa. Irin wannan aikin ne ya sa ake sayen V600, wadda ta fito a 2009.

Tana zuwa da firam biyu na roba da ake jera fim a ciki. Ɗaya na ɗaukar fim mai faɗin milimita 35, layi biyu, hoto 12 a zubi guda, ko silaid 4, wato hoton fim da ake haskawa a bango. Ɗayan na babban fim ne mai lamba 120, har tsawon santimita 22. Kafin a fara, a buɗe makullin da ke riƙe kan na'urar, a kuma zare farin allon da ke cikin murfi, domin fitilar da ke haska fim tana bayansa. Masu mantawa da wannan su ne ke cewa na'urar ta lalace. A kifa fim ɗin, ɓangare mai ƙyalli yana kallon ƙasa.

A kwali an rubuta dpi 6400, wato yawan ɗigon da take ɗauka a kowane inci. Kar a ruɗu. Idon na'urar bai kai rabin haka ba, ƙarin sai nauyin fayil da ɓata lokaci. Dpi 2400 ya wadatar wa ƙaramin fim, hoton baƙi-da-fari ɗaya zai kai megabait 15 a tsarin fayil na TIFF. Hoton takarda kuwa, 600 ya isa. A fim 120 ne take nuna bajinta: fuskokin yara arba'in a jere, kowa ana gane shi, har rubutun allo ya karantu. A milimita 35 dai ba yabo ba fallasa.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne Digital ICE, manhajar goge ƙura. Da hasken infirared, wanda ido ba ya gani, take gano datti, shi kuwa fim baƙi-da-fari azurfa ce a jikinsa, tana tare wannan hasken. Sai manhajar ta ɗauki hoton kansa a matsayin datti, ta dagula ido da baki, ta cinye lambar da ke kafaɗar soja. A kashe ta, haka ma a silaid ɗin Kodachrome, wani nau'in fim na kamfanin Kodak. A fim mai launi tana aiki sosai. Ga baƙi-da-fari, sai ƙaramin famfon iska da safar hannu ta auduga.

Firam ɗin ba shi da ƙwari. Fim ɗin da ya daɗe a naɗe yakan lanƙwashe ya taɓa gilashi, sai wasu zobba masu launi su bayyana a hoton. A danne shi cikin takarda mai tsabta ƙarƙashin littattafai na 'yan kwanaki.

Fim ɗin da ke warin tsami kamar binega ya fara ruɓewa ne. A ware shi daga sauran, a fara da shi. Fim mai faɗin inci 4 da tsawon inci 5 ba ya shiga a zubi ɗaya, wannan aikin sikanar Epson V850 ne.