Hidimar Wani Jagoran Kallon Tsuntsaye a Dausayin Haɗeja da Nguru

A watan Janairu na yi kwana 2 a Nguru tare da wani jagora mai kai baƙi kallon tsuntsaye a kwalekwale, kuma tun wajen ciniki na faɗa masa cewa ba agwagin ruwa da zalɓe suka kawo ni ba, ƙananan tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai su yi hunturu a wurinmu nake son ɗauka a hoto. Yawancin masu zuwa wannan dausayi, wanda tafkinsa na Nguru ya shiga jerin Ramsar, wato jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya, a shekarar 2000, manyan tsuntsaye suke nema, shi ya sa ban yi zaton zai fahimci buƙatata ba.

Ashe kunnensa ya fi madubin hangen nesan da na rataya a wuya amfani. Da sanyin safiya, hazo bai gama washewa ba, ya kafa gorar tuƙi a cikin laka, ya ɗaga hannu alamar in yi shiru, ya nuna mini wani gefen kacala inda ni ban ga komai ba sai ganye. Mun kusa rabin awa a wurin, sauro yana cin rabonsa, kafin ɗan tsuntsun ya hau kan kara: ruwan ƙasa ne mai farar gira, wanda Turawa ke kira sedge warbler, nauyinsa bai wuce giram 12 ba, amma kafin ya koma arewa yakan tara kitse har ya kusa ninka nauyinsa. Jagoran ya juya kwalekwalen a hankali don rana ta kasance a bayana, abin da ba kowane matuƙi ne yake tunawa ba, kuma hoton da na fi alfahari da shi daga nan ya fito.

Da yamma ya kai ni bakin fadama inda Fulani ke kiwo, muka tarar da tsuntsayen nan masu rawayan ƙirji suna kaɗa wutsiya a tsakanin ƙafafun shanu, suna cafke ƙwarin da kofato ya tayar. Wannan bai ba mu wahala ba.

Abu biyu ne ban ji daɗinsu ba. Kwalekwalen ƙarami ne, yana tangaɗi da zarar mutum ya gyara zama, don haka hotuna da yawa sun fito dishi-dishi, ga kacala ta toshe wasu hanyoyin ruwa har sai da muka yi dogon zagaye, ko da yake wannan ba laifinsa ba ne. Wanda ya fi damuna shi ne yadda a rana ta biyu ya ciro waya ya kunna kukan tsuntsu don ya jawo su fili. Dabarar tana aiki, amma tsuntsun da ke da tafiyar dubban kilomita a gabansa bai kamata a riƙa ɓata masa ƙarfi saboda hoto ba. Da na ce masa, “Malam, a bar wannan,” ya mayar da wayar aljihu ba gardama.

Kuɗinsa bai yi tsada ba idan aka dubi wahalar tuƙi. Mai niyyar zuwa ya zo tsakanin Nuwamba da Maris, ya riƙo tsumman goge gilashin kyamara saboda ƙura, kuma ya faɗa wa jagoran tun a bakin ruwa kada ya kunna kukan tsuntsu a waya.