Yankari ko Gashaka Gumti?

Masu son ganin namun daji ba tare da ɓata musu muhalli ba suna yawan tambayata wanne za su zaɓa tsakanin gandun dajin Yankari da na Gashaka Gumti. Yankari, a Jihar Bauchi, ta fi sauƙin zuwa da araha, domin akwai kwalta da masauki har ruwan ɗumi na Wikki, sai dai yawan baƙi ya koya wa gwaggon biri fizge abinci daga hannu, ledojin da ake yarwa kuma suna damuna ƙwarai. Gashaka Gumti, da aka kafa a 1991 tsakanin Taraba da Adamawa, sai da ɗan jagora da doguwar tafiyar ƙasa cikin tsaunuka, kowa ya komo da shararsa, da damina kuwa rafuka kan datse hanya. Yankari ta fi dacewa da mai iyali, Gashaka kuma da mai juriya da isasshen lokaci.